WA YA BA SHI IZININ YIN ALLURA? Sabon tsarin sa ido kan ma'aikatan lafiya, daga Yamai zuwa Yekuwa

Tun kafin zuwan Nasara, babu sana'ar da aka bari kara zube a ƙasar Hausa. Maƙera na da sarkinsu, mahauta na da sarkin fawa, wanzamai na da sarkin aska. In yaro ya gama koyo, sai manyan sana'a sun shaida hannunsa ya faɗa kafin a bar shi ya ɗora aska bisa kan mutum. In kuwa ya yi ɓarna, kowa ya san ƙofar da za a kai kuka.

Aikin likita na zamani ma yana da irin wannan tsari, sai dai nasa a rubuce yake cikin dokokin ƙasa, kuma gwamnati ta sāke masa fasali sau da dama daga 1988 zuwa yau. Ga tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu, ya ku ƴan uwa masu karatu: shin wannan gyara da ake yi a Yamai yana isowa wurin uwar da ke goye da ɗa mai zazzaɓi a ƙauyukan Yekuwa, cikin gundumar Magarya? Za ta iya bambanta ma'aikacin da hukuma ta sani da wanda ya sayi farar riga a kasuwa? Mu bi maganar daki-daki.

TAKARDU UKU NA MAI AIKIN LAFIYA

Mutum ba ya zama ma'aikacin lafiya don ya taɓa share ɗakin likita, ko don ya ga yadda ake soka allura. Takardu uku ne ke tabbatar da shi.

Ta farko ita ce takardar shaidar karatu, wadda muka saba kira diplom. Ana samunta a makarantun da gwamnati ta amince da su, kamar makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa da ke Yamai, mai ɗauke da sunan Damure Zika, da ƴar uwarta ta Damagaram, da sashen koyon likita na jami'ar Yamai da na jami'ar Damagaram, da kuma makarantu masu zaman kansu waɗanda suka sami izini. Da yake makarantun kuɗi sun yawaita, ma'aikatar kiwon lafiya ta kafa jarrabawar fita guda ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, domin ɗan makarantar gwamnati da ɗan makarantar kuɗi su hau ma'auni ɗaya.

Ta biyu ita ce rajista a majalisar sana'a, abin da ake ce wa Ordre da Faransanci. Wannan majalisa ta masu sana'ar ce da kansu, su ke zaɓen shugabanninta. Ita ke riƙe da kundin sunayen waɗanda suka cancanci yin aikin, ita ke tsare ladubban sana'a, kamar rufa asirin majinyaci da ƙin yin aikin da ya fi ƙarfin ilimin mutum. In ɗan sana'a ya kauce, tana iya yi masa gargaɗi, ko ta tsawata masa a rubuce, ko ta dakatar da shi, ko ta soke sunansa daga kundi. A taƙaice, ita ce sarkin aska na zamani.

Ta uku ita ce izinin minista, wadda ake nema ga duk mai son buɗe wurin kansa: ɗakin jinya, ko ofishin lokotoro, ko kilinik, ko farmasi, ko ƙaramin shagon ajiyar magani na karkara. Kowane izini da iyakarsa. Wanda aka yarda masa ya buɗe ɗakin wanke miki da yin allurar da lokotoro ya rubuta, ba a yarda masa ya yi tiyata ba. Wanda aka yarda masa ya sayar da magani, ba a yarda masa ya ɗaura wa mutum ƙarin ruwa a bayan shago ba.

YADDA TSARIN YA SAUYA

Wannan dabara ta majalisar sana'a ba a ƙasarmu aka fara ta ba. Ingila ta kafa majalisar rajistar likitocinta tun 1858, Faransa kuma ta tsayar da tata a kan dokar 1945. A lokacin da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, lokotorori ƴan ƙasa ba su taka kara sun karya ba, kuma kusan duk mai aikin lafiya ma'aikacin gwamnati ne. Saboda haka minista da shugabannin asibitoci sun isa su sa ido a kansu. Abin da ya fi damun hukuma a wancan zamani shi ne samar da magani, shi ya sa aka kafa ofishin magunguna na ƙasa, wato ONPPC, a 1962.

Da ɗaliban likita suka fara fitowa daga jami'ar Yamai, sai lamarin ya canza. A 1988, zamanin Janar Ali Shaibu, aka kafa majalisa guda ɗaya wadda ta haɗa lokotorori da masana haɗa magani da likitocin haƙori. A 1997 aka yi dokar harkar magunguna, wadda ta fayyace wanda ke da ikon shigo da magani da wanda ke da ikon sayarwa, ta kuma taɓo maganin gargajiya. A 1998 aka yi dokar da ta tsara yadda ma'aikacin lafiya zai yi aikin kansa ba a ƙarƙashin gwamnati ba.

Amma tsarin 1988 ya bar babban giɓi. Malaman jinya da ungozomomin likita ba su cikinsa, alhali kuwa su ne mutumin karkara ke gani in ya je likita. A 2017 gwamnati ta raba tsohuwar majalisar, ta ba kowace sana'a tata: ta lokotorori, ta masana haɗa magani, ta likitocin haƙori, ta malaman jinya, da ta ungozomomi. Daga baya, a 2022, aka kafa hukuma ta musamman mai kula da harkar magunguna, wadda ake kira ANRP. Ita ke duba maganin da zai shigo ƙasa, ta ba shi izinin shiga kasuwa, ta bi diddigin wuraren sayar da shi. Tana dogara da gidan awon magunguna na ƙasa, wato LANSPEX, wanda ke gwada ƙwaya ya gano ko akwai magani a cikinta ko kuwa alli ne kawai.

Ke nan yau aikin sa ido ya kasu kashi uku. Majalisun sana'a na kula da halin mutum da cancantarsa. Masu bincike na ma'aikatar kiwon lafiya na kula da wuraren aiki. Hukumar magunguna na kula da abin da ake haɗiya da abin da ake sokawa. In kuwa laifi ya kai na aikata sana'a ba da izini ba, ko ya jawo asarar rai, to magana ta koma hannun jandarma da alƙali.

INA YEKUWA TA TSAYA CIKIN WANNAN TSARI?

Yekuwa da'ira ce ta karkara cikin gundumar Magarya, jahar Damagaram, dab da iyakar Najeriya. Har zuwa 2011 Magarya da Dungas gunduma ɗaya ce. A wannan shekara aka ware Dungas tare da Dogo-Dogo da Guci da Malawa, Magarya kuma ta riƙe su Yekuwa, Bande, Kwaya, Waca da Sasumburum. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Magarya na da mutane sama da 500,000, ta Dungas kuma sama da 300,000. Yankin yana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a ƙasarmu.

Tsarin kiwon lafiya na gwamnati hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙananan ɗakunan likita na ƙauye, waɗanda aka gina da yawa daga 2001 a cikin shiri na musamman na shugaban ƙasa Tanja Mamadu. Sama da su akwai gidan likita na haɗin gwiwa, wato CSI, wanda galibi malamin jinya ne ke shugabancinsa, shi ne jama'a ke kira majo. Sama da wannan akwai asibitin gunduma da ke Magarya, sannan babban asibitin ƙasa na Damagaram. Majo ke duba aikin ɗakunan ƙauye, babban lokotoron gunduma da mataimakansa ke duba aikin majo, ofishin kiwon lafiya na jaha kuma ke duba gunduma.

Wannan tsani yana aiki a kan ma'aikatan gwamnati, ko da yake rashin mota da mai da lalacewar hanya da damina kan tauye zagayen dubawa. Amma mara lafiya a ƙasar Yekuwa ba da gidan likita yake farawa kullum ba. Kafin ya isa wurin majo, sau da yawa ya riga ya bi ta hannun mai tallan ƙwayoyi a kan keke ko babur, ko mai allura na cin kasuwa, ko wani shagon kemis a ƙetaren iyaka. Waɗannan ba su kan tsanin gwamnati, ba su cikin kundin kowace majalisa. Ofisoshin majalisun sana'a kuwa a manyan birane suke. A nan ne zaren ke tsinkewa.

IYAKA BA TA TARE ƘWAYA

Mutanen Magarya da na Daura, Baure, Babura da Maigatari dangi ne, kasuwanninsu ɗaya, auratayyarsu ɗaya. Kowace ranar kasuwa kaya na ƙetarawa, har da magani. Najeriya na da nata hukumomin: NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, mai kula da ingancin abinci da magani, da majalisar masana haɗa magani mai ba masu kemis lasisi. A 2024 hukumomin can sun tilasta wa dillalan magani na Sabon Garin Kano komawa sabuwar kasuwar da aka gina musu a Dangwauro, don a fi samun damar sa ido a kansu.

Abin lura a nan biyu ne. Na ɗaya, lasisin da aka ba mutum a Najeriya ba ya aiki a Nijar, sai hukumar ƙasarmu ta duba takardunsa ta amince. Na biyu, ko a can ma, lasisin mai kemis na sayar da ƙananan magunguna ne waɗanda ba su bukatar takardar lokotoro. Bai ba shi ikon duba mara lafiya ko yin allura ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka «na yi aiki a kemis a Kano» bai nuna maka takardar komai ba tukuna.

ABIN DA SAKACI KE JAWOWA

Kada wani ya ɗauka wannan zance ne na takardu kawai. Ƙasarmu ta ɗanɗana kuɗarta. A 1995, lokacin babbar annobar sanƙarau, an yi wa mutane sama da 50,000 allurar rigakafi ta jabu wadda ta shigo cikin kayan taimako, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mutane 2,500 sun rasa rayukansu a dalilin haka. A 2015 hukumar ta sāke yin shelar cewa an ga allurar sanƙarau ta jabu tana yawo a Nijar. Kuma sanƙarau bai rabu da yankinmu ba: daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 an ƙidaya mutane 559 da suka kamu a jahar Damagaram, 18 suka rasu, 342 daga cikin masu ciwon kuwa a gundumar Dungas suke. A irin wannan lokaci na firgita ne ƴan damfara ke cin kasuwarsu, domin uba mai tsoron rasa ɗansa zai biya duk wanda ya nuna masa kwalba.

Haka kuma batun yara. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta fara taimaka wa ma'aikatar kiwon lafiya a Magarya a 2005. A watan Satumba 2018 ta ba da sanarwar cewa a sashen yara na asibitin Magarya ana rasa kimanin yara 10 kowace rana, akasarinsu saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Dalilan wannan masifa suna da yawa, talauci da nisan hanya na ciki. Amma duk ma'aikacin lafiya ya san zazzaɓin yaro ba ya jira. Kwana biyu ko uku da aka ɓata ana ba shi ƙwayar da rana ta gasa a kan faranti, ko allurar da ba a san sunanta ba, su ne ke mai da ƙaramin ciwo ya zama suma da ƙarancin jini. Ga kuma allura ɗaya da ake soka wa mutane da yawa, wadda ke yaɗa ciwon hanta da sida. Ga ƙwayar tramadol da ta lalata samari masu yawa, wadda doka ta hana sayarwa sai da takardar lokotoro.

MASU SANA'AR GARGAJIYA FA?

Wanzami da maɗori da ungozomar gida da mai saiwa ba baƙi ba ne, kuma hukuma ba ta ɗauke su abokan gaba ba. Tun shekarun 1960 da 1970 gwamnati ta riƙa horar da ungozomomin ƙauye da masu agajin farko, tana ba su ɗan akwatin magani, tun kafin taron Alma-Ata na 1978 ya yi kira ga duniya da a kai kiwon lafiya kusa da talaka. Yau ma akwai wakilan lafiya na ƙauye da aka koya wa gwajin zazzaɓi da ba da maganin farko ga yara, a ƙarƙashin kulawar majo. Masu maganin gargajiya na da ƙungiyarsu, kuma ana bikin ranarsu ta Afirka kowace 31 ga Agusta.

Sai dai kowa da iyakarsa. Mai saiwa da ya koma yin allura ya fita daga gadon kakanninsa, bai kuma shiga aikin likita ba. Cire beli ga jariri da ƙarfen da ba a dafa ba na jawo zubar jini da ciwon sandarewa. Kaciyar mata kuwa dokar 2003 ta mai da ita laifin da ake ɗaure mutum a kansa. A nan sarkin aska na da babban aiki, domin maganarsa ta fi ta baƙo shiga kunnen ƴan sana'arsa.

ME YA RAGE A YI?

Dokoki sun samu, hukumomi sun kafu. Abin da ya rage shi ne a sauko da su ƙasa. Ga shawarwari biyar ga mahukunta.

Na farko, a fito da kundin sunaye fili. Kowace shekara ofishin lafiya na gunduma ya buga sunayen ma'aikatan da ke da rajista da wuraren da ke da izini a kowace da'ira, a liƙa a gidan likita da gidan meri da ƙofar mai gari, a kuma karanta a gidajen rediyon karkara. A rubuta da Hausa, da boko da ajami. Tun da kundin sabunta ƙasa na 2025 ya ɗaukaka Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu dalilin da zai sa takardar da ta shafi ran Bahaushe ta tsaya cikin Faransanci kaɗai.

Na biyu, majalisun malaman jinya da na ungozomomi su sami wakili tsayayye a kowace gunduma. Majalisar da ba a san ƙofarta ba a Magarya da Dungas ba za ta ji kukan mutanen Yekuwa ba.

Na uku, a buɗe hanyar kai ƙara mai sauƙi. Kwamitin kula da gidan likita, wanda jama'a ke zaɓa tun da aka fara tsarin biyan kuɗin magani na dokar 1995, yana iya riƙe littafin koke-koke, ya miƙa shi ga babban lokotoron gunduma kowane wata, a kuma maido wa mai ƙara da amsa.

Na huɗu, jami'an lafiya da ƴan duwan na gefen nan su riƙa zama da takwarorinsu na Katsina da Jigawa, kamar yadda ake haɗa kai a kan rigakafin shan inna, domin wanda aka kora a can kada ya zo nan ya kafa rumfa.

Na biyar, kuma shi ne mafi nauyi: kora kaɗai ba ta isa. Ma'aunin da ake bi shi ne lokotoro 1 ga mutane 10,000, malamin jinya 1 ga mutane 5,000, kuma karkarar Damagaram na nesa da wannan ma'auni. Muddin uwa za ta taka tafiya mai nisa ta tarar da ɗakin likita a rufe ko babu magani, to za ta koma wurin mai keke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An mai da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta tun 2006, an kuma rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi daga Satumba 2024. Waɗannan matakai za su yi cikakken amfani ne in an tura ma'aikata masu takarda karkara, an biya su a kan kari, an cika musu kabad da magani.

AIKIN WANDA YA IYA KARATU

Ku da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, ga wurin da karatunku zai ceci rai. In za a yi wa wani naku allura a wajen gidan likitan gwamnati, ku tambayi takardar izini cikin ladabi, ku karanta sunan da ke kanta da irin aikin da aka yarda a yi. Mai gaskiya ba ya fushi da wannan tambaya. In kun sayi magani, ku duba ranar lalacewarsa da ke jikin kwali, kada ku karɓi ƙwayar da aka zube ba suna. Ku tabbata an buɗe sabuwar allura a gabanku. Allurar rigakafi kuwa sanyi take bukata, wadda aka fito da ita daga aljihu ko jakar ɗan kasuwa ba rigakafi ba ce. In kun ga abin da bai dace ba, ku shaida wa majo, ko mai gari, ko kwamitin gidan likita. Yin haka ba tsegumi ba ne, kare maƙwabci ne.

Ga ma'aikatan lafiya kuma, rajista ba haraji ba ce da aka ɗora muku. Ita ce ke raba ku da ƴan damfara masu ɓata muku suna, ita ce kuma za ta tsaya muku ranar da aka yi muku ƙazafi. Ku rataye takardunku inda kowa zai gani.

Gwamnati ta yi nata na tsara doka, daga 1988 zuwa 2017 da 2022. Saura na ofisoshin jaha da gunduma, da sarakuna, da malamai, da ku masu karatu. Ranar da mai gari a ƙasar Yekuwa zai iya ɗauko takarda ya ce «wannan yana cikin kundi, wancan ba ya ciki», a ranar ne gyaran da aka yi a Yamai ya iso gida. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.